Gaisuwar da Ta Kai Taubashina Asibiti

A danginmu an san ni da baki, kuma ban taɓa musu ba. Amma duk bakin nan nawa mutum ɗaya aka halatta min ɗungurungum, shi ne taubashina, ɗan gwaggona ƙanwar babanmu. Shi a Gumel ya tashi, ni a Gagarawa. Tun ban iya ɗaura zane ba aka nuna min shi aka ce ga abokin wasanki nan, ni kuwa na riƙi aikin hannu bibbiyu. Tsakanin taubasai babu gaisuwa, babu fushi, duk abin da ya fito daga baki wasa ne, ko da ya kai a kai mutum gaban alƙali. Ya girme ni, amma har na yi aure, na haihu, na fara koyarwa a firamare, ban taɓa ce masa ina kwana ba.

Ni Rumbu nake ce masa, don abin da yake zubawa a cikinsa a zama ɗaya ya ishi gida guda. Shi kuma 'Yar batso yake ce min, saboda innarmu daddawar batso take yi da 'ya'yan yakuwa, kuma wanda ya san ta ya san warinta ba ya jiran sallama. Da na sa ƙafa a gidansu sai ya toshe hanci ya ce wa duk wanda ke kusa a buɗe taga. Ko a tsakar gida muke sai ya ce a buɗe taga. Wannan ita ce marabar da na saba samu, in ban ji ta ba ma sai in ga kamar ban iso ba.

Sana'arsa raka shanu Kudu. Ranar Alhamis a kasuwar Maigatari ake loda su a tirela, shi ya hau sama ya bi su har inda za a sauke. Can a hanya ya koyi cin abin da ya kira abincin wayayyu: burodi fari tas, taliyar leda da ƙwai, soye-soyen bakin titi, da lemon kwalba a madadin ruwa. Ya dawo yana kiran tuwon gero siminti, miyar kuka kuwa ya ce ruwan kududdufi ne aka sa wa gishiri. Mutumin da da hannunsa yake suɗe tukunyar gwaggo muna yara, shi ne yanzu wake yake kumbura masa ciki, zogale kuma wai na awaki ne.

Sai kuma kafso. Akwai wani ja-da-yalo da ake samu a kowane kyamis, wanda mutanenmu ke sha in ciki ya ɓaci. Taubashina ba ya jira cikin ya ɓaci. A aljihun gaba yake ajiye shi inda wasu ke ajiye goro, kuma haka yake miƙa wa abokan tafiya. Kafin ya ci abincin hanya sai ya ɓare ɗaya ya zazzage a lemo ya kurɓe, ya ce riga-kafi ne, yana share cikinsa ne kafin baƙo ya shigo. Wata rana ya zo gidana a Gagarawa, na yi dambun gero da zogale, ina ji da shi. Ya zauna ya duba kwanon sama da ƙasa, ya ciro kafso ya zazzage a lemonsa a gaban maigidana, sannan ya zaro burodinsa daga hammata. Na ce masa Allah ya sa wata rana ya nemi dambun nan da kuka. Aka yi dariya, shi ya fi kowa.

Shekaru suka tafi a haka, sai na fara ganin abin da ban gane ba. Rigarsa ta fara yi masa yawa. Ya daina bin tirela, ya ce ya girmi hawa sama, yanzu daga ƙasa yake ba da umarni. Tabarmarsa da ke ƙofar gida ta koma cikin gida, ta sake matsawa, har ta tsaya a inuwar da ke daf da banɗaki, buta a gefe kullum cike. Ya ce iskar wajen ta fi daɗi. Na ce lalle kam, duk wanda ke ƙorafin warin batso dole ya nemi wannan iskar.

Wani biki da aka yi a Sule Tankarkar, mota ɗaya muka shiga da dangi. Ba mu yi nisa ba ya ce direba ya tsaya, akwai gonar da aka yi masa tallarta yana so ya duba. Ya sauka da butarsa ya shige bayan wata bishiyar kargo. Muka ci gaba, ya sake ganin wata gonar. Kafin mu isa ya duba gonaki har na daina lissafi, ko wacce kuma sai da buta. Na ce, “Rumbu, ban taɓa ganin mai saye mai kirki irinka ba. Ba a yi ciniki ba har ka fara kai taki.” Motar ta kaure da dariya, direba har da dukan sitiyari. Shi ma ya yi, amma na ga gumi a goshinsa, ga hannunsa a dafe da mara. A nan cikin motar na ce masa ya je asibiti a duba shi. Aka ƙara fashewa da dariya, wai 'Yar batso ta zama likita.

Gwaggo tana da nata bayanin. Da farko ta ce basir ne, aka jiƙa sassaƙe. Daga baya ta ce shawara ce. Da abin ya ƙi, sai ta ce bakin mutane ne ya kama ɗanta, tana faɗa tana ɗan duban inda nake. Na ce, Gwaggo, da bakina yana kama mutum ai da tuni an daɗe da yin sadakar arba'in ɗinsa. Masu dubiya kuwa ba su yi ƙasa a gwiwa ba. Duk wanda ya zo sai ya riƙo lemo, ko madarar gwangwani, ko biskit, ko burodi, don sun san abin da yake so ke nan, kuma a wajenmu abin da ake kai wa marar lafiya ke nan. Aka tara su a kusurwar ɗaki har suka kusa kai taga. Yana sha, yana zagayawa, ana ƙaro masa.

Ranar cika-ciki ce ta tona komai. Kowace shekara a watan Muharram muna taruwa a gidan gwaggo, ta fito da busasshen naman layya da ta ɓoye tun babbar salla, a yi tuwo a yi miya, kowa ya ci har ya kasa tashi. A ranar ne taubasai ke cin kasuwarsu, kuma a wajen ci babu wanda ya taɓa kayar da Rumbu. A ranar kaɗai yake yafe wa tuwo laifinsa. Wannan shekarar, bayan magariba aka ajiye masa kwanonsa, ya gutsuri loma ya juya ta a miya, ya juya, ya ajiye. Ya tashi ya ɗauki buta. Ina shirin jefa masa magana matarsa ta taɓa ni, ta ja ni madafi.

Yarinya ce mai kunya, ko sunansa ba ta faɗa. Ta tsaya tana murza bakin mayafinta, ta ce, “Malama, jini ne. Ya daɗe. Jini da majina, kuma ko ya je ba ya jin ya gama.” Ta ce ya hana ta gaya wa gwaggo, ita kuma ba ta da bakin da za ta yi wa surukarta ko wani namiji irin wannan magana. Ta ce kafson nan yanzu ninkawa yake yi, yana cewa saura kaɗan ya kashe abin. Ni ta zaɓa don a duk dangi ni kaɗai ce zan iya ambaton bayan-gidansa a gabansa ƙasa ba ta tsage ba.

Na fita na same shi ya dawo ya zauna. Na ce masa na ji komai, jini ba abin wasa ba ne, gobe-goben nan ya tafi asibiti. Ya ce warin da na shigo da shi ne ya tsinka masa hanji, in na koma Gagarawa zai warke. Na ɗaga murya, na ce wallahi da gaske nake. Dangi suka juyo suna murmushi, wani ya ce sun fara, wata ta ce a bar su yau ranarsu ce. Na rantse, na sake rantsewa, kowace rantsuwa sai ta ƙara musu nishaɗi. Raina ya ɓaci irin ɓacin da ban taɓa ji ba. Mutum yana zubar da jini a gabana, ni kaɗai aka ba damar faɗa, kuma ni kaɗai ce ba za a taɓa yarda da maganata ba.

Washegari na koma gida, na wuni ina tsaki, 'yan ajina suka sha faɗan da ba su san dalilinsa ba. A wajen tankaɗe dabara ta zo min. Tunda duk abin da na faɗa da zafi wasa ne, to bari in gwada abin da bai taɓa gani a wajena ba.

Da safe na sa babban hijabina na zuwa ta'aziyya, na shiga motar Gumel. Na yi sallama a hankali. Yana kan tabarmarsa, ya ɗaga hannu zai toshe hanci. Na cire takalmi tun daga nesa, na zo na durƙusa har ƙasa, na sunkuyar da kai.

“Yaya, ina kwana? Ya ƙarfin jiki? Allah ya ba ka lafiya, ya sa kaffara ne.”

Hannun ya tsaya a iska. Yana jiran inda harbin zai fito. Na bar shi ya jira.

“Ke 'Yar batso, lafiyarki kuwa?”

“Lafiya lau, Yaya. Na zo ne in ce, in na taɓa ɓata maka rai, ka yafe min.”

A mota na shirya wannan maganar, har ina danne dariya ina hango fuskarsa. To fuskar na gani, amma ba ta ba ni dariya ba. Daga ƙasa inda nake durƙushe na ga ƙafafunsa yadda suka tsotse, na ga wuyansa yana yawo a cikin riga, idanun sun faɗa. Kafin in kai ƙarshen maganar ta daina zama dabara. Muryata ta karye, kuma ba ni na karya ta ba. Na tashi na fita ban ko leƙa gwaggo ba. Daga baya matarsa ta ce min ina fita ya kira ta, ya ce ta ɗauko masa rigar fita da hula, a nemo mai mota.

A asibitin Gumel aka yi gwaje-gwaje, aka nemi atini da sauran abubuwan da aka saba gani, aka ƙara masa ruwa, daga nan aka tura mu wani babban asibiti a Kano. Ni da matarsa muka raka shi. Can aka wanke masa ciki, aka zura wata na'ura mai ido ta inda bai taɓa zaton baƙo zai shiga ba, aka leƙa babban hanjinsa. A da, da wannan kaɗai ya ishe ni abin tsokana har ƙarshen rayuwa. Na zauna a benci ina jan carbi.

Likitar mace ce, ba ta da gaggawa. Ta ce hanjin ya kumbura ya yi gyambo, kuma ba tsutsa ba ce, ba basir ba ne, ba irin ciwon da ake kashewa da kafso ba ne. Ta tambaye shi sana'arsa, da ya faɗa sai ta ce to zai gane da sauri, don shi ma kiwo yake yi a cikinsa bai sani ba. A hanjin kowane mutum akwai wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani, masu yawan gaske, iri-iri, kuma yawancinsu masu amfani ne. Abincinsu shi ne ɓangaren da cikinmu ba ya iya narkarwa, dusar gero da dawa, ɓawon wake, ganye, kuka, kuɓewa. In sun ci, sai su fitar da wani abu da ke ciyar da bangon hanji ya yi ƙwari. In aka daɗe ana ba su farin fulawa da sukari da mai kawai, masu amfanin sai su ragu, wasu marasa kirki su samu fili. In kuma aka bi su da maganin kashe ƙwayoyin cuta ba dalili, shekara da shekaru, to ba ya tambayar waye nagari, duka yake sharewa. Daga nan bangon ya yi rauni, garkuwar jiki ta rikice ta dinga kai wa hanjin kansa hari, shi ne gyambon da jinin.

Ta ƙara da cewa kada ya ɗora wa kansa laifin duka. Har yanzu ba a gama sanin musabbabin ciwon ba, akwai gado a ciki, akwai waɗanda ke cin abin da ya ci su mutu da tsufa lafiya lau, akwai kuma wanda bai taɓa rabuwa da tuwo ba ya kamu. Wannan ɓangaren ban so ta faɗa ba, amma ta faɗa. Ta ce ciwon ba ya warkewa kwata-kwata, sai dai ya kwanta, kuma da magani da kula yana iya daɗewa a kwance mutum ya yi harkokinsa. Yanzu da hanjin yake ɗanye sai abinci mai laushi, kunu tatacce, shinkafa, kifi, ba yaji, ba lemo, ba ja-da-yalo ko da wasa. In ya lafa, a dawo masa da gero da wake da ganye kaɗan-kaɗan, ana lura da wanda ya karɓe shi.

Jama'a, ku duba min wannan. Tun ina budurwa nake wannan shari'a da mutumin nan. Ga likita da farar riga, a birnin Kano, ta ambaci kuka da bakinta, ta ambaci gero, ta yanke hukunci a gabana. Da a ce an ba ni wannan ranar shekarun baya, da sai na yi hayar mai shela ya zaga Gumel. Da likitar ta ce kuka, ya juyo ya dube ni. Na san abin da yake jira. Na buɗe baki, abin da ya fito shi ne, “Allah ya ƙara sauƙi, Yaya.” Ya mayar da kansa ya dubi bango.

Da za mu fita na tsaya na tambayi likitar ko daddawa za ta yi masa illa nan gaba. Ta yi dariya ta ce kaɗan ba laifi in ya samu sauƙi. Tsayawar ba ta fi ta shan ruwa ba, amma ya gani, kuma ya riƙe.

Muka dawo Gumel da magunguna. Gwaggo da ta ji cewa akwai halittu a cikin ɗanta, abu ɗaya ta fahimta, a kashe su. Ta aika a nemo maganin tsutsa, ta jiƙa maɗaci, ta ce ba za ta zuba ido wasu ƙwari su cinye mata ɗa ba. Na zaunar da ita na ce, Gwaggo, waɗannan ba kashe su ake yi ba, kiwata su ake yi. Ta ce ita a duniya ba ta taɓa jin an ba ɓarawo abinci don ya yi ƙiba ba. Sai da matarsa ta dinga gadin ƙofar ɗaki. Tulin kayan dubiya kuwa gwaggo ce ta sadaukar da kanta, ta ce ba za a yi almubazzaranci a gidanta ba, kullum da hantsi za ka same ta da kwalba a gindin darbejiya.

Maganin ya karɓe shi. Jinin ya ragu, ya tsaya. Buta ta fara wuni ba a taɓa ta ba. Muka koma Kano, likita ta ce ta ji daɗin abin da ta gani, a fara ƙara masa abinci. Sai dai mutumin ya ƙi ci. Cokali biyu na kunu ya ture. Ba ya fita ƙofar gida, ba ya tambayar kasuwa, ranar Alhamis ta zo ta wuce bai ko kula ba. Kowa ya shigo ya ce masa ai jiki ya yi kyau, sai ya ce haka aka yi ta gaya wa mahaifinsa har ranar da aka ɗauke shi. Ni kuma duk mako ina zuwa, in durƙusa, in gaishe shi, in yi addu'a, in tashi. Hanjin yana warkewa, mai hanjin yana ƙarewa.

Wata ranar Asabar sai ga matarsa a Gagarawa, ita da ba ta zuwa ko'ina. Ko ruwa ba ta sha ba ta ce, “Malama, don girman Allah ki zo ki zage shi.” Ta ce ya gaya mata ya san akwai abin da ake ɓoye masa. Ya ga na tsaya da likita a Kano, kuma tun ranar ban sake ce masa Rumbu ba. Ya ce likita aikinta ne ta kwantar da hankali, uwa da mata dole su ce ya warke, amma 'Yar batso ba ta taɓa raga masa ba, in ta raga masa to ta san ba zai tashi ba.

Na ce wannan ai mai sauƙi ne. Na shiga mota ina jera maganganu, na tanadi ta na'urar nan mai ido, na tanadi ta gonakin Sule Tankarkar. Na isa, na gan shi a kwance ya ba ƙofa baya, sai duk suka gudu. Tsoro nake ji, in faɗi gaskiya. Tun ranar da na durƙusa na hango duniya babu shi, kuma abin ya ƙi barina. Ina jin in na tsokane shi ya mutu a makon, da wace fuska zan tuna maganata ta ƙarshe gare shi? Na gaishe shi na dawo gida, na yi kuka a ɗaki, na fito na huce a kan akuyar maƙwabta da ta shigo min.

Da baki ya ƙi, sai na koma ga hannu. Na surfa gero, na kai niƙa, na tankaɗe da rariya mai laushi, na tuƙa tuwo ruwa-ruwa yadda ko jariri zai haɗiye. Na kaɗa miyar kuka ba yaji, ba mai da yawa, na ɗan gutsura daddawar batso na jefa, kaɗan kamar yadda aka ce. To kaɗan ɗin batso ma batso ne. A motar Gumel wani dattijo ya tambaya ko akwai wanda ya taka wani abu, direba ya sauke gilashi duka. Ban kula kowa ba, na rungume kulata.

Na same shi a zaune a ɗaki, an jingina shi da filo. Matarsa tana gefe, gwaggo tana bakin ƙofa. Na zuba a kwano na ajiye a gabansa, na buɗe. Warin ya tashi ya cika ɗakin, har gwaggo ta ɗan ja baya. Na zuba wa hannunsa ido, ina jira ya kai shi hanci. Bai kai ba. Ya dubi tuwon, ya dube ni, ya gyara zama da ƙyar, ya ce a hankali:

“Na gode, Malama. Allah ya saka da alheri. Ni ma in na taɓa ɓata miki, ki yafe min.”

Wani abu ya soke ni daga ƙirji har baya. Ashe haka yake da ciwo. Ashe abin da na yi ta ɗirka masa ke nan duk mako, ina ganin ladabi nake yi. Tsoron da nake ji ya juye ya zama haushi, irin nawa na asali, ban san lokacin da na miƙe tsaye na cire hijabin na jefar ba.

“Malama a gidan wa? Kai Rumbu, ni za ka yi wa wasiyya? Mutumin da aka ba kiwo a cikinsa ya bar dabbobin da yunwa, ya bi su da guba, shi ne har yake raka shanun mutane Kudu? Wallahi da masu shanun sun sani ko kaza ba za su ba ka ba. An leƙa ka ciki da waje a Kano, ba a ga mutuwa ba, ba a ga hankali ba, burodi kawai aka gani. Likita ta ce ka warke, ragwanci ne ya rage. Ka ci siminti, ka sha ruwan kududdufi, in ka bar loma ɗaya in ɗura maka ita kamar ɗan maraƙi!”

Gwaggo ta riƙe baki, matarsa ta sunkuyar da kai kafaɗunta suna rawa. Shi kuwa kallona kawai yake yi, yana bin fuskata kamar mai duba haƙoran sa a kasuwar shanu, yana neman inda ƙarya take. Bai samu ba. Na ga idonsa ya kawo ruwa, leɓensa yana motsi, ni ma nawa idon ya cika amma na ƙi ƙiftawa, na tsaya riƙe da ƙugu.

A hankali ya ɗaga hannun nan da ya rame ya toshe hanci.

“A buɗe taga,” in ji shi.

Matarsa ta tashi da gudu ta buɗe. Da ɗaya hannun ya jawo kwanon gabansa, ya gutsuri loma, ya ce miyar ba gishiri.